Gurbin da Don Anselmo Ya Bari

"Ke wace ce tasa?" in ji matar da ke kan na'ura a asibitin.

Na ce, "Maƙwabciya."

Kwana uku gawar Don Anselmo Techera tana ɗakin sanyi ba wanda ya zo. Ni da ƙofata ke kallon tasa a benenmu na birnin Montevideo, sai da mai burodi ya tambaye ni shi sannan na lura tagarsa a rufe take.

Shekara talatin ya yi yana tsara rumbun bayanai. Lokacin da nake karatun kwamfuta, a matakalar bene ya koya mini harsashin aikin, yana miƙo mini ƙoƙon shayin mate. "Yamila, fara da abu, sai sifarsa, sai dangantakarsa da wani abin. Wannan kan naki kamar kabewa, amma zai ɗauka." Da wannan nake ci yau.

Watan jiya ya tare ni da takarda a hannu. "'Yata, asibiti na son sunan wanda za a kira. In sa naki?"

Na hango zarya da dogon layi. Na ce, "Bari mu gani, Don Anselmo." Daga ranar na koma sauka a hankali, kada ya ji takuna.

Matar asibitin ta juyo mini da allon na'urar. "Ni na karɓe shi ranar da aka kwantar da shi. Da ya yi shiru a nan, gurbin sunan wanda za a kira, na ce in rubuta 'babu kowa'? Tsohon nan ya tashi mini da lacca! Wai 'babu' daban, 'ba a sani ba tukuna' daban. Wai in bar gurbin haka, ana jiran amsa." Ta ɗan yi dariya, ta kalle ni, ta daina.

Kunya ta rufe ni. Na san bambancin sarai, shi ya koya mini.

"Sa sunana," na ce. "Yamila Olivera."

Ta gwada sau biyu. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Da an rubuta rasuwa, bayanan sun kulle. Gawar dai za ki iya karɓa, bari in ɗauko takarda."

Ta tashi ta bar ni da allon. Ɗan siririn layin nan mai nuna inda za a fara rubutu yana ta ƙiftawa a farkon gurbin.