Yatsun Maman Torika

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Salanieta, ban taɓa ganin hannunta ya huta ba sai da na'urar masu biza ta ce ba ta san ta ba.

'Yarmu Torika tana ƙasar waje, a Brisbane, aikin kula da tsofaffi take yi, ga cikin fari ya fara nauyi. A danginmu nan Bua, ɗan fari a kan tabarmar ciyawar kuta ake fara kwantar da shi, wadda kakarsa ta wajen uwa ta saƙa, ita kuma za ta shimfiɗa masa da hannunta. Salanieta ba mai fafe gora ranar tafiya ba ce, tun da wuri ta yanko ciyawar a tafki ta shanya. Saƙa ta kai rabi aka aiko ta je Suva a ɗauki hotonta da zanen yatsunta.

Muka shiga jirgin ruwa a Nabouwalu, muka kama bas, muka sauka gidan ƙanwata. Da safe ma'aikaciyar ofishin, wata mai fure a kunne, ta ɗora hannun Salanieta a kan gilashi. Shiru. Ta goge ta sake. Ta shafa mata mai ta sake. Sai ta juya hannun tana dubawa, kan yatsun sumul kamar bayan cokali.

"Kaka, wane aiki kike yi?"

"Saƙa."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haifi uwarki ba, 'yata."

Da ƙyar yatsu huɗu suka fito. Ma'aikaciyar ta ce za ta tura abin da ya samu, in ana bukatar ƙari za a sake kira. Salanieta ta tambayi ranar amsa.

"Wasu sati biyu, wasu wata, wasu fiye. Ba mu ke yankewa ba, Kaka, mu ɗauka kawai muke yi."

Saura sati takwas a haihu.

Muna dawowa ta je wajen nas ɗin ƙauye. Nas ta ce in fata ta samu hutu, wani lokaci zanen yakan farfaɗo. "Wani lokaci" ta ce, amma matata wannan ba ta ji shi ba. Ta dawo ta yanke hukunci: ba saƙa, ba wanki, ba ferar rogo, sai an kira ta ta kai musu yatsu goma cif. Girki ya dawo kaina. Kifi da madarar kwakwa na iya, shi muka ci har kare ya fara kau da kai.

Kullum da hantsi mu hau tudun bayan coci, inda waya ke kamawa. In duba, babu komai, mu sauko. Torika ta ce shafin masu biza yana nuna ana dubawa. Kowa kuma a ƙauyen nan ya zama gwanin biza. Wannan ya ce surukarsa kwana tara ta yi, wancan ya ce kawunsa sai da ya ci Kirsimeti biyu. Ni duk haushinsu nake ji, don kowane labari sai ya bi Salanieta har gida.

A sati na uku na dawo daga kamun kifi na same ta zaune gaban rabin tabarmar, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya don kada su ci amanarta, hawaye na zuba. In ta saƙa, yatsu su goge. In ta bari, ta tafi hannu rabbana. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

"Maman Torika, koya mini."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Da wannan hannun na jan igiyar anga?"

"Shekara hamsin ina ɗinkin raga."

"Raga ai ramuka ne aka ɗaure da zare, Baban Torika."

Amma ta matsa mini. Muka rufe ƙofa da rana tsaka, ita da baki, ni da hannu. Ɗaga biyu, danne ɗaya. Ja a hankali, ba jirgi kake ɗaurewa ba. Kwance, ka yi shirme. Ban taɓa sanin matar nan ta iya faɗa haka ba, ban kuma taɓa sanin yadda aikin ke cin baya da yatsu ba, ni da na yi shekaru ina kwana a kansa.

Kwana huɗu asirin ya yi. Taubashina Apenisa ya leƙo ta taga neman aron ƙugiya, ya tsaya ya more kallo, sannan ya kira sunana ya liƙa masa Inna.

"Sannu da aiki, Inna Peniasi. In kin gama a saƙa mini ƙarama ta zaman coci."

Kafin yamma duk mazan da ke zaman shan yangona, jiƙon saiwar nan da muke sha a ƙwarya, sun ji. Ina isa suka matsa mini wuri, wai a ba manyan mata hanya. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Na sha ƙwaryata na tashi, washegari na koma kan saƙa.

A sati na shida muka gama. Ɓangarenta miƙe sambal, nawa kamar sawun ƙaguwa a yashi, har da wani ɗan kwari a tsakiya. Na ce in ta samu hali ta warware nawa. Ta ce in na taɓa shi sai ta karya mini yatsa.

Yaron bai jira kowa ba, ya zo saura kwana goma. A kan tudu muka gan shi a waya, namiji, gashi cunkus. Salanieta ta yi godiya ga Allah, ta yi dariya, ta yi wa Torika addu'a. Sai da muka fara saukowa ta ce, "A kan tawul ɗin asibiti suka kwantar da shi." Ranar na tsani tudun nan da wayar da duk wanda ya ƙirƙiro na'ura.

Bayan kwana tara saƙon ya shigo. An ba ta. Ba wanda ya sake neman yatsunta, huɗun nan sun wadatar.

"Wato duk zaman nan da girkin nan da sunan Inna, a banza?" na ce.

"Ɗauko mini jaka," ta ce.

Na raka ta har filin jirgin sama na Nadi, tabarma naɗe a kafaɗa. Kwana biyu bayan nan na hau tudu ni kaɗai, na kira. Torika ce ta ɗauka, ta juya mini wayar. Ga yaro a kan tabarma, ya lafe daidai cikin kwarina.

"Baba, wa ya saƙa gefen nan? Mama ta ce in tambaye ka."

"Ki ce mata ba na nan."

Tana dariya uwar ta karɓi wayar. Ita ba dariya take ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baban Torika, na ji shi."

"Kuka yake yi?"

"A'a. Fatarsa. Na shafa kumatunsa, na ji." Ta ɗaga yatsun tana kallo. "Huɗu na haifa. Na yi musu wanka, na shafa musu man kwakwa, ban taɓa jin laushin ko ɗaya ba a yatsuna. Ashe haka suke."

Na matso da wayar kusa da fuskata.

Sai na ji ta ce, "Torika, zo nan." Na ga hannunta ya miƙa zuwa fuskar 'yarmu, mace mai shekara talatin da biyu. Wayar ta zame ta kwanta a kan tabarma, ba na ganin komai sai rufin ɗaki. Ban kashe ba.