Baƙin Ƙwari a Gindin Rumbun Yahanasu

Shekarar da Nasara suka fara awon gonaki a ƙasar Kurfi, Yahanasu ta Tamawa ba awon ne ya dame ta ba. Rumbunta ne, guda ɗaya tal, wanda farar dawar cikinsa za ta kai ta kaka ita da marayunta huɗu. Wata safiya ta ga wasu ƙwari suna kai da komo a gindinsa.

Ta san tururuwa, ɓarauniyar hatsi. Ta san cinnaka da kiyashi da kwarkwasa. Waɗannan kuwa sirara ne, suna yawo ɗai-ɗai, baki a wangame kamar awartakin maƙeri. Ta taɓa ɗaya da tsinke, sai ta ji ƙas, ya yi tsalle da baya ya faɗo kan zanenta.

Ta kamo shi a ƙoƙo ta kai wa yayanta Malam Rabo, mutumin da ba a taɓa jin ya ce bai sani ba.

"Yaya Malam, mi ne ne wanga? In kashe ko in bari?"

"In tururuwa ce, an hana kashe ta sai ta yi ɓarna. In cinnaka ne, kashe abinki."

"To, wanne ne ciki?"

Malam ya juya ƙoƙon, ya buɗe littafi, ya rufe. Ya ce ƙugun dai na tururuwa ne, bakin kuma ba na kowa ba ne. Maƙwabcinsa Yero ya leƙo ya ce ai cikin akwatunan Nasara suka zo. Malam ya ce mai yiwuwa. Har azahar ana abu ɗaya, Yahanasu ta koma gida kanta ya ƙara ɗaurewa.

Kwana biyu tana tsugune tana gadin su. Suna shiga ƙarƙashin rumbun, su fito da wani ɗan abu fari a baki su kai rami. Me ke fari a nan in ba dawarta ba? Tsoro ya kama ta. Ta tafasa ruwa tukunya guda ta kwarara a ramin.

Da ƙasa ta huce, ta sa fartanya ta tona don ta ga yawan abin da aka sace mata. Babu ko ƙwayar dawa. Gawar gara ce fal, wadda baƙin ƙwarin suka farauto suka tara.

Ta sunkuya ta leƙa itatuwan da rumbun ke zaune a kansu. Gara ta fara jan jar ƙasarta tana hawa, kuma yanzu babu mai tare ta.