Ranar da Iska Ta Ɗauke

Aikina a yaƙin nan riƙon igiya ne. Duk wanda ya ce maka ya ga Firmin Gaudry ya harbi Bajamushe, ka ce masa ya ji tsoron Allah. Ni ne mai injin naɗi a wata ƙaramar rundunar balan-balan a bayan Verdun, cikin watan Yuni na 1916. A ɗaya ƙarshen igiyar tawa kuwa, mita dubu da ɗari biyu a sama, akwai Honoré Bastide a cikin kwando.

Balan-balan ɗin mun sa mata suna Saniya, saboda ƙaton ciki da taurin kai. Cike take da iskar gas wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kwandon yana reto a ƙarƙashinta, daidai tsayuwar mutum ɗaya da taswirarsa da madubin hangen nesa da tarho. Daga can Honoré yake hango inda harsasan igwarmu suke faɗawa, ya gaya wa masu harbi: kun wuce, kun gaza, ku yi dama. In babu shi, harbin makafi kawai suke yi. Wayar tarhon ta cikin igiyar ƙarfen take bi ta sauko kan motata da ke ɗauke da injin, don haka duk abin da ya faɗa sai ya bi ta kunnena.

Wata biyar muka yi a haka. Shi mutumin kudancin ƙasarmu ne, mai awon filaye kafin yaƙi, bakinsa ba ya hutawa. Ni kuwa injin sussukar alkama nake ja a ƙauyenmu, kuma doguwar magana ciwon kai take sa ni. Yadda aka yi muka shaƙu, har yau ban sani ba.

Da safen ranar da abin ya faru na same shi yana ɗaura ɗamarar lemar da ake dirowa da ita daga sama, da guntun burodi a baki.

"Firmin, yau don Allah ka sake ni a hankali. Jiya saura kaɗan hanjina ya leƙo ta baki."

"Ka rage cin wake mana. Ita kanta Saniya ƙorafi take yi."

"Ji baƙin hali! Kai da ko kujera ka taka sai jiri ya ɗebe ka?"

Gaskiyarsa ce, don haka na ci gaba da zuba mai a inji.

Sai ga shugabanmu, Laftanar Carrel, fuska ba annuri. Kwana uku ke nan wasu igwogin Jamus da suka ɓuya suna ɓarin wuta kan wani kwazazzabo, wanda shi kaɗai ne hanyar kai ruwa da abinci bakin daga, kuma ta nan ake fito da masu rauni. Ruwa da gajimare sun hana mu ganin komai. Jiya kaɗai mutum tamanin aka kwasa a wurin.

"Ƙarfe goma sha biyu bataliya guda za ta bi ta ciki," in ji Laftanar. "Bastide, in ba mu rufe bakin igwogin nan kafin lokacin ba, yanka kawai za a yi."

Honoré ya ɗaga kai ya dubi sama. Gari ya waye tas, ko ganye ba ya motsi.

"Yallaɓai, a rana irin wannan ko kwarkwatar kan Bajamushe sai na ƙirga maka."

Na rantse ni ma har murna na yi. Ba iska, ba fizgar igiya, ba amai a kwando. Na saki gangar naɗin igiya a hankali yadda ya roƙa, Saniya ta miƙe sak a bisa kanmu, har sai da na karya wuya kafin in gan ta.

Awa uku yana nema. Ina jin numfashinsa a kunnena, da ɗan waƙe-waƙen da yake yi ta hanci in abu ya ƙi. Laftanar yana ta kai da komo a gefen mota, yana ciro agogo yana mayarwa. Sha ɗaya da kwata sai waƙar ta tsaya.

"Na kama su, 'yan banza! Bakin daji, bayan rusasshen gidan bulo. Walƙiyar bakin igwa huɗu. A ba ni masu igwa."

Gyaran harbi aiki ne na haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. A saki harsashi ɗaya, a jira ya yi tafiyarsa, Honoré ya ga ƙurar, ya auna a taswira, ya faɗa, masu igwa su juya ƙarfensu, a sake. Kowane ɗaya sai ya ci minti biyar. Na farko ya wuce da mita ɗari huɗu. Na biyu ya gaza da ɗari biyu. Na uku ya yi hagu.

Ana cikin na huɗu mai gadinmu ya kwarma ihu daga kan tudu: "Jirgi! Jirgi ta gabas!"

Na gan shi, ɗan ɗigo baƙi yana fitowa ta cikin rana. Bindigoginmu biyu suka fara tari. Hannuna ya riga ya kai kan sandar inji.

"Yallaɓai, in naɗa?"

Laftanar ya fizgi tarho. "Bastide, kana da baƙo."

"Na gan shi tun ɗazu. Ku bar ni, saura biyu."

"Za mu sauke ka ɗari uku kawai."

"In kuka sauke ni ko ɗari, tudun can zai rufe mini dajin. Shi ke nan sai mu faro daga farko. Yallaɓai, dubi agogonka."

Laftanar ya duba. Sha biyu saura ashirin. Ya dube ni, leɓensa ya yi fari, ya ce, "Riƙe."

Na riƙe. Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, kuma na san shi ma ba yadda zai yi. Kana tsaye da ƙafarka a ƙasa, abokinka yana rataye ƙarƙashin buhun wuta, abin da za ka ja ka cece shi yana cikin tafinka, an ce kada ka ja. Gumi ya jiƙa sandar har tana santsi.

Jirgin ya sako kai, muka ji ƙarar bindigarsa siririya daga sama, ya wuce. Ba abin da ya faru.

"Makaho ne," in ji Honoré. "Harsashi na huɗu ya wuce da ɗari. Ku rage ɗari, ku saki."

Jirgin ya yi kwana ya dawo. Wannan karon ya matso sosai, har na ga baƙin gicciyen da ke fiffikensa. Da ya wuce sai na ga ɗan jan tabo a gadon bayan Saniya, bai fi tafin hannu ba.

Masifar aikin nan ke nan: wanda ke cikin kwando ba ya ganin saman balan-balan. Cikinta ya rufe masa sama gaba ɗaya. Wuta za ta ci rabin bayanta yana nan yana duba taswira. Mu na ƙasa mu ne idonsa.

"Ta kama!" Laftanar ya daka tsawa cikin tarho. "Bastide, yi tsalle! Umarni ne!"

"Harsashi yana hanya, Yallaɓai. Daƙiƙa ashirin."

"Na ce ka fita!"

"Sha biyar."

Mai naɗi ba shi da izinin sa baki a waya. Na sa.

"Honoré, don girman Allah ka fita! Bayanta duk wuta ne! Kai mahaukacin ina ne?"

"Firmin, rufe mini baki, kana hana ni ƙirga."

Tabon ya zama kamar ƙofar ɗaki. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama, bai karkata ko'ina ba. Mutanenmu duk sun fito fili suna ɗaga hannu suna ihu, kamar zai ji su. Ni addu'a nake yi da zagi a haɗe, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai muryar Honoré: "Harsashi ya faɗa! Ya gaza da hamsin, tsakiya daidai. Ku ƙara hamsin ku saki duka, duka! Na tafi."

Na ga ɗan abu baƙi ya rabu da kwando. Ya faɗo, ya faɗo, sannan lemar ta fizgo daga jakarta ta buɗe fara fat. Mutane suka yi sowa.

A motata inji ɗaya ne, sanda ɗaya. Ka ja ta baya, ganga ta naɗe igiya. Ka tura ta gaba, ƙafafun mota su juya. In mutum ya yi tsalle, abin tsoro shi ne gawar balan-balan mai ci da wuta ta faɗo masa a ka, don ta fi lema saurin sauka. A ranar iska, balan-balan tana karkace can gefe, iska tana tafiya da mai lema gaba, sai ka naɗa da ƙarfi ka janyo wutar wajenka, ta rabu da shi. Sau biyu na yi haka a watan Afrilu, sau biyu mutum ya sauka lafiya, har aka ba ni kwalbar giya. Amma a ranar da ba iska, balan-balan tana bisa kanka sak, mai lema yana ƙarƙashinta sak. Ranar nan tuƙi ake yi. Ka ja motar da gudu, ka janye wutar gefe. An koya mana wannan, ni da kaina na koya wa wasu.

Na ja sandar baya.

Minti goma hannun nan yana roƙon a bar shi ya naɗa, da aka ga lema ta buɗe bai tsaya tambayata ba. Ganga ta ɗauki kuka, igiya tana shigowa da gudu, ni kuwa har wani sanyi na ji a raina, wai ina aiki. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Sai na ji Laftanar yana dukan kafaɗata da hannu biyu.

"Tuƙa! Gaudry, tuƙa! Ba iska! Kansa kake jawo ta!"

Na ɗaga kai. Wutar tana saukowa a miƙe, farar lemar tana ƙasanta, tazarar tana rufewa ina kallo. Na taka birkin ganga, na tura sanda gaba, haƙoran inji suka yi ƙara suka ƙi shiga, don sai ganga ta tsaya cak tukuna. Na sake turawa da dukan ƙarfina, ina kuka ina kiran sunansa. Ta shiga. Motar ta zabura, ta yi taku goma, ashirin. Wutar ta ɗan karkata. Ban da gefe ɗaya na ƙyallen Saniya, wanda ya sauko kamar jan bargo ya shafi lemar.

Lemar ta siliki ce, siliki kuwa ba ya jayayya da wuta. Saura kamar mita arba'in ya kai ƙasa lemar ta zama hayaƙi.

A gonar dankali ya faɗi, bayan layin itatuwa. Na diro daga mota tana tafiya. Ina gudu ina jin igwoginmu sun buɗe baki gaba ɗaya, ƙasa tana rawa. Daga baya an ce bataliyar ta wuce, mutum uku kawai ta rasa. A lokacin ko a jikina.

Ni na fara isa. Wani yanki na ƙyallen ya rufe shi yana ci, na janye da hannuna, na kashe wutar rigarsa da ƙasa. Ƙafafunsa sun karye ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Fuskarsa ba zan faɗa ba, amma idanun sun tafi, ba ya gani. Na zauna na ɗora kansa a cinyata. Yana numfashi. Laftanar ya iso yana haki, ya durƙusa, ya aika a kawo makara.

"Bastide, ni ne Carrel. Kada ka motsa, likita yana zuwa."

Leɓensa ya yi ta motsi kafin murya ta fito.

"Yallaɓai... wa ke kan inji?"

Laftanar ya dube ni.

"Ina kallon wutar tana biyo ni. Naɗawa aka yi. Wane jaki ne zai naɗa a rana irin ta yau?" Ya yi tari, jini ya fito. "Ina kuka aiki Firmin? Ɗazun nan na ji muryarsa. Me ya sa kuka ɗauke shi daga kan inji?"

Na buɗe baki. Kalma ɗaya in na furta zai gane ni, kuma tambaya ta gaba na san ta. Laftanar ya girgiza mini kai a hankali, amma ko bai girgiza ba, ba ni da ƙarfin halin. Tsoro ne ya rufe mini baki, ba tausayi ba, kuma na san haka tun a lokacin.

"Ku kira mini shi," in ji Honoré. "Ku ce ya zo. Wannan da ke riƙe da ni hannunsa rawa yake yi."

"An tafi kiransa," in ji Laftanar.

Masu makara sun yi minti ashirin kafin su iso, don hanyar ta cika da motocin harsashi. Bai kai ba. Sau huɗu yana tambaya ko na zo, na ƙarshen da ƙyar aka ji. Ina riƙe da kansa har ya daina numfashi, ban ce masa komai ba.