Shuɗin Kan Geji

Injin zuƙe iska yana ta gurnani a tsakar gida, Madu kuma yana tsugune gaban firizar surukarsa, ido a kan allurar gejin awon iska, baki bai huta ba. Duk Zakirai an san shi da abu biyu: gyaran firij, da bayanin da ba wanda ya tambaye shi.

Wannan ne aikin farko da surukansa suka taɓa ba shi. Da can ko fanka ce ta lalace, Kano ake kai ta, a bi da ita ta ƙofar shagonsa. Yau ma sai da matarsa Falta ta sa baki, don da firizar nan mahaifiyarta Inna Kaltum ke yin ƙanƙara da zoɓon sayarwa, ga kasuwa gobe. In ya ɓata ta, ya san har jikokinsa sai sun sha gori.

Ya riga ya toshe inda gas ke yoyo, saura a zuƙe iska da danshin cikin bututu kafin a ɗura sabo. Tun hantsi yake nanata doka guda: in wuta ta ɗauke, a murɗe shuɗin kan geji mai rufe bututu nan take, in ba haka ba firizar za ta janyo man injin zuwa cikinta, aiki ya lalace. Ya faɗa wa Falta, ya faɗa wa maƙwabcin da ya leƙo aron galma, har akuyar da ke turke ta samu rabonta. Inna kaɗai bai faɗa wa ba. Falta 'yar fari ce, saboda haka tun da aka ɗaura aure Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa haɗa ido da ita ba. Tana can gindin rumbu ta ba shi baya, tana ɓarar gyaɗa.

Falta na fita ɗebo ruwa, sai ga mahaifinta Baba Bunu ya dawo daga gona. Madu ya tuɓe takalmi, ya tarye shi har bakin zaure, ya durƙusa. Shi kuwa Baba ba ya gajarta gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa da yabanya, ya bi dangin Madu na Bici gida-gida, sannan ya rufe ido ya ɗaga hannu.

Ana tsakiyar addu'a wuta ta ɗauke, injin ya yi tsit.

Madu ya waiga wajen firizar. In ya miƙe ya bar suruki da hannu a sama, abin faɗa ne har a masallaci. In ya zauna, man injin ya shige firiza. Sai ya fara ja da baya a tsugune kamar agwagwa, kai a sunkuye.

"Amin, Baba. Amin."

Da Baba ya ji amin ɗin tana nisa, sai ya matso taku guda, ya ɗaga murya, ya shiga yi wa magabata addu'a. Madu yana ja, Baba yana bi, har bayan Madu ya bugi firizar. Ya miƙa hannu ta baya ya lalubo shuɗin kan, ya murɗa. Ya ƙi motsi. A rufe yake gam, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa kusa da tiyo.

Baba ya shafa, ya buɗe ido, ya ga inda suka iso.

"Kai Madu, ladabin naka har da tafiya?"

Daga gindin rumbu, ba tare da ta waiwayo ba, Inna ta dubi akuya.

"Ke, gaya wa mai gyara, shuɗin na murɗa. Tun hantsi ake biya mana karatun nan, ko kurma ai ya haddace."

Madu ya saci kallon geji. Allura tana nan inda ya bar ta. Ya buɗe baki zai yi bayanin abin da tsayuwar allura ke nufi, sai ya haɗiye. Ya juya wajen turke, ya rusuna.

"A ce da Inna an gode."

Ya koma ya zauna jiran wuta. Da Falta ta dawo ta same shi shiru, sai ta sauke bokiti, ta zo ta taɓa goshinsa.