Karan Gonar Idirisa

Shekara uku Tahira ta yi tana fama da karan hatsi a wani ɗakin gwaji da ke bayan Sabon Gari, a Maradi. Akwai sukari a cikin kara, amma a kulle yake cikin ɓawo mai tauri. Aikinta shi ne ta daddatsa karan, ta niƙa, ta jiƙa shi a ruwan kanwa, ta dafa har ya saki jiki, sannan a tatso sukarin a zuba masa yis ya zama man kunna wutar girki.

Karan da take tsinta nan da can, daga Jiratawa zuwa bakin gulbi, kowanne da halinsa, sakamakon ya ƙi daidaita. Shugabanta ya ce sai an samo na gona ɗaya, mai yawa. Bayan girbi ta hau mota zuwa Tsibiri wurin mahaifinta, Idirisa, don ta roƙe shi karan gonarsa.

Ya saurare ta yana gyara igiyar sansa na huɗa.

"Duka kike so?"

"In da hali, Baba."

"Ki turo amalanke."

Ba ta tambaye shi abin da san zai ci da rani ba. Ta sani, amma ta ce wa kanta damina ba za ta yi jinkiri ba.

Damina ta yi jinkiri. Tahira kuwa tana kan tukwanenta, tana rage kanwa, tana ƙara wuta. A ƙarshen bazara sukarin ya fito, ninki biyu na da. Aka yi mata barka, aka ce a jira masu tallafa wa aikin da kuɗi su duba.

Ran Juma'a ta kai wa mahaifinta labari. Ta tarar da turke babu kowa. San ya rame har ya kasa tashi, aka yanka shi kwana tara da suka wuce.

"Baba, me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Kina aiki, ɗiyata. Abin ya fito?"

"Ya fito."

"Madalla."

Da ruwa ya sauka, Idirisa ya shiga gona da hauya, shi da ciwon bayansa, ya noma rabi ya bar rabi. Masu tallafin ba su amsa ba har hatsi ya yi kai. Tahira tana zuwa Tsibiri duk ƙarshen mako ta kama masa noma.