Kwale-kwalen Eilif Ya Rasa Makwanci

Tun da Torunn ta iso daga birnin Bergen da kafintocinta, mahaifinta Eilif bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Rumfar kwale-kwalen da ke bakin teku ta kakansa ce. Guguwar lokacin sanyi ta yaye rabin rufinta, shi kuma tsufa ya hana shi hawa tsani. Shi ya sa da 'yar ta ce za ta gyara ta su riƙa hutun bazara a ciki, ya ce to.

Kullum yana gangarowa. Ya shafa wannan katako, ya ɗaga wancan, ya koma gida, kafin kofi ya huce ya sake dawowa. Ranar da ya tarar an shimfiɗa daɓen katako a kan gangaren da ake jawo kwale-kwale, ya tsaya turus.

"Torunn, shi kuma a ina zai kwana?"

"Wa, Baba?"

Ya nuna kwale-kwalen, yana kife a kan duwatsu.

"Mu rufe shi da tamfol mana. Rabonka da kamun kifi tun yaushe?"

"Ke ma rabonki da garin nan tun yaushe? Na rufe ki da tamfol?"

Ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Aiki ya yi kyau, an shafe bango da jan fenti kamar dā. Ranar buɗewa jikoki suna ta faɗawa ruwa, surukinsa yana gasa kifi, aka ajiye wa Eilif kujera mai laushi tana fuskantar teku. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa bayan rumfar, ya dawo. Bai saba kallon teku hannu rabbana ba.

Washegari ya je wajen maƙwabciyarsu Magnhild, wadda rumfarta ta zama kango tun rasuwar mijinta. Ta ce ya kawo kwale-kwalen ya ajiye a ciki, in dai zai toshe mata inda rufin ke yoyo.

Torunn da kanta ta kama masa suka tura shi ruwa. Ta ce, "Baba, in ka ce a cire daɓen, a cire."

"Bar wa yara abinsu."

Ya ja filafili ya zagaya bayan tsibiri, inda rumfar Magnhild take. Sauran bazarar a can ya yi ta, yana nuna wa kafintocin Torunn inda za su buga ƙusa a rufin Magnhild. Wajen su Torunn kuwa, sai in kifi ya gasu.