Sharaɗin Shaukat Butt

A bakin shagon abincin Shaukat Butt aka ƙulla maganar, a layin maƙera na birnin Gujranwala, kaskon suyar wainar fulawa da suke kira puri yana ta tafasa a bayansu.

"Yaya Dilawar, aikin ba wuya," in ji Shaukat. "Ga gadon igiya nan. Ka zauna daga hantsi zuwa azahar, ka ci, mutane su gan ka. Shi ke nan."

Dilawar Gujjar tsohon ɗan kokawa ne, wanda a zamaninsa ya kayar da maza daga nan har Multan, kafin ciwon gwiwa ya raba shi da fage. Ya dubi gadon, ya dubi Shaukat.

"Wato ragon layya zan zama, a ɗaure ni a ƙofar gida yara su yi kallo."

"Haba Yaya, rago ai yanka shi ake yi. Kai ciyar da kai kawai za a yi."

Shaukat ya san garinsu. Ba mai tambayar ko man shanunka na gaskiya ne, sai dai a duba wa ke ci a wurinka. In aka ga ɗan kokawa, magana ta ƙare.

Dilawar ya ce ya yarda, amma kada wani ya sa masa ido a faranti, kuma a dinga kaɗa masa lassi, wato kindirmon sha, a babban kofin tagulla da curin man shanu a kai.

"An gama. Ni ma sharaɗina ɗaya ne," in ji Shaukat. "Na ji likita ya sa ka tafiyar asuba, har riga ta fara yi maka yawa. Wannan ka bari. Siririn ɗan kokawa ba ya sayar da alewar halwa. Kada ka rame."

Suka tafa, suna dariya.

Shekara uku aka yi a haka. Layin masu saye ya kai har bakin masallaci. Sau biyu ana sake wa gadon igiya, daga baya aka kira maƙeri ya yi masa ƙafafun ƙarfe. Dilawar ya koma salla a kan kujera, in ya yi taku ashirin sai ya tsaya ya dafa bango. Matarsa Zarina ta taɓa aiko wa Shaukat cewa mijinta fa a zaune yake barci, don in ya kwanta numfashinsa yankewa yake yi. Shaukat ya aika mata da kwanon halwa.

Da sanyin shekara ta huɗu ya shigo, hayaƙi ya rufe gari, wata muguwar mura ta bi layin gida gida. Ta kama Shaukat, wanda ko iska mai ƙarfi tana iya ture shi, ya yi kwana huɗu ya miƙe. Sai ta kama Dilawar.

Ranar Lahadi, ranar da iyalai ke cika shago, gadon ba kowa. Shaukat ya ɗauki adaidaita ya tafi gidan. Ya tarar da mutumin jingine da matasai, ƙirjinsa yana kuka kamar zugazugi.

"Yaya, abin kunya! Ni ɗan tsurut na warke, kai dutse guda mura ta kayar da kai?"

Zarina ta yi magana daga bayan labule: "Ƙanena, asibiti nake so a kai shi. Tun jiya bai iya ƙarasa magana ba."

"Asibiti don mura? Jikin nan da kike gani ajiya ce. Ramammu cuta ke ci. A ba shi madara mai zafi da man shanu, gumi ya karyo."

Ba ƙarya ya yi mata ba, haka ya yi imani, haka duk layin suka yi imani. Amma kuma yana tuna Lahadi ce. Ya saka shi a adaidaita, ya kai shi shago, ya zaunar da shi a gadon cikin hayaƙin titi har azahar, lulluɓe da bargo.

Sai ranar Laraba aka kai shi asibiti, leɓɓansa sun yi baƙi. Likitar da ta karɓe shi, wata mai suna Rubina, ta fito ta tambayi waye ɗan'uwansa. Shaukat ya matso.

"Me kuka tsaya jira?"

"Mun ga yana da jiki, likita."

"Jikin ne matsalar, Baba. Mutum yana ƙiba, huhunsa ba ya ƙaruwa. Kitsen ciki yana danne shi ta ƙasa, na ƙirji ta sama, tun yana lafiya da ƙyar yake shaƙar abin da zai ishe shi. Ga shi cutar ta cika huhun da ruwa. Kuma mai irin wannan ƙibar, jikinsa yakan yi nawa wajen yaƙar ƙwayar cuta, in ya tashi kuma ya wuce gona da iri, kumburi ya yi ta ƙaruwa. Muna so mu kifa shi rub da ciki don iska ta shiga bayan huhu. Mu shida mun gwada, ya kasa jurewa." Ta duba takarda. "An rubuta a nan ya taɓa fara rage jiki. Me ya sa ya daina?"

Shaukat ya ce bai sani ba.

Da la'asar aka bar shi ya leƙa. Dilawar ya ɗan ɗaga abin iskar da ke fuskarsa, ya yi masa alama ya sunkuyo.

"Butt," ya ce, yana haki tsakanin kalmomi, "ka shaida... ban rame ba."

Wasa yake yi, har idonsa yana dariya. Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Shaukat sauƙi. Kwana biyu bayan nan ya cika.

Gidan mamaci ba a hura wuta, maƙwabta ne ke kai abinci. Shaukat ya sa aka dafa manyan tukwane uku na shinkafa da nama, ya bi su da kansa. Wani ƙanin Zarina ya tare shi a ƙofa, cikin ladabi, ya ce ta gode, ta ce a mayar, gidan nan ya ci abincin Shaukat ya ishe shi.

Mutanen da suka zo jana'iza daga ƙauyuka kuwa, kowa sai da ya biya shagon, don ya ɗanɗani abin da marigayi yake ci. Shaukat bai taɓa ciniki irin na makon nan ba.

To, in za a faɗi gaskiya, shago ya ci riba, yanzu hawa biyu ne. Zarina ta rasa miji, Dilawar ya rasa ransa yana da shekara hamsin da biyu. Shi kuwa Shaukat, mutanen layi suna lissafa shi cikin waɗanda suka ci riba, har suna yaba masa yadda ya riƙe marigayi. Yakan sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙansa. Har yau bai gaya wa kowa amsar tambayar likitar ba.